Yadda ake tsara karatun ƙarin sani ta waya da kwamfuta ga ma'aikatan lafiya 'yan Aborijin

Jama'a sallama. Tun ranar da na ambata cewa cikin aikina a nan Ostireliya har da kula da karatun ƙarin sani na abokan aikinmu 'yan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, tambayoyi ba su tsaya ba, kuma yawanci daga 'yan'uwanmu nas-nas ne da suka samu aiki a ƙauyukan nesa na Northern Territory ko arewacin Queensland ko yammacin ƙasar, an wayi gari manaja ya ɗora musu kula da CPD ɗin ma'aikata alhali ba wanda ya nuna musu ta ina ake kamo bakin zaren. Toh ga shi na zauna na rubuta yadda nake yi daga farko har ƙarshe. Zan yi magana da "ki" tunda mata suka fi tambaya, maza sai ku ɗauka da ku ake.

CPD dai shi ne awannin karatun da ma'aikacin lafiya mai rajista zai cike duk shekara don kar iliminsa ya tsaya wuri ɗaya. A Darwin ko Cairns abin da sauƙi, amma a ƙauyen da sai kin yi awa shida a hanyar ƙasa kafin ki ga kwalta, intanet ce kusan hanya ɗaya tilo. Sai dai ki riƙe wannan tun yanzu, tura wa mutum linki ba shi ne koyarwa ba. Ni ma da haka na fara, na tura linki guda shida ta imel na koma ina jiran satifiket, bayan wata biyu na duba ba wanda ya buɗe ko ɗaya, kuma wallahi ba lalaci ba ne, mutum biyu ba sa ma iya shiga imel ɗinsu, ɗaya kuma wayarsa tana hannun iyalinsa kusan kullum. Duk matakan nan daga wannan kuskuren suka fito.

1. Ki fara sanin wa ke gabanki

Kashi biyu ne kuma ana yawan haɗa su. Akwai Aboriginal Health Worker, akwai Aboriginal Health Practitioner. Na biyun shi ne mai rajista ta hannun Ahpra, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta Ostireliya inda mu ma nas-nas muke rajista, tun 1 ga Yuli 2012 aka shigar da su tsarin na ƙasa baki ɗaya, kuma sai wanda ya gama Certificate IV na aikin lafiya matakin farko sannan shi kansa ɗan Aborijin ne ko ɗan tsibiran Torres. Na farkon ba shi da wannan rajistar. In kina neman abin kwatance daga gida aikinsu ya ɗan yi kama da na CHEW, ma'aikacin lafiyar al'umma, amma kar ki ja kwatancen da nisa, dokokin daban ne.

Mai rajista ana so ya yi awa 20 a shekara, aƙalla awa 5 daga ciki su zama na tattaunawa da wasu ma'aikatan lafiya, ba kallon bidiyo shi kaɗai ba. Shekarar tana farawa 1 ga Disamba ta ƙare 30 ga Nuwamba. Ki shiga shafin Ahpra, rajistar a buɗe take ga kowa, ki sa sunan kowane ma'aikaci ki tabbatar da matsayinsa ki rubuta a takarda.

Gargaɗi: kar ki ce tunda wane ba shi da rajista ba sai ya shiga karatun ba. Sau da yawa shi ne ya fi kowa daɗewa a kilinik ɗin, kuma karatun nan da kika rubuta masa yau shi zai taimake shi gobe in ya nemi shiga Certificate IV a makaranta irin Batchelor Institute da ke kudu da Darwin, inda ake iya duba aikin da mutum ya riga ya iya.

2. Hira kafin kwamfuta

Wannan matakin shi ne sababbin zuwa suke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin. Suna da kalma a Turancinsu, yarn, wato hira a natse ba gaggawa. Ki haɗa shayi ku fita ƙarƙashin inuwa, ki zauna gefensa ba gabansa ba kamar mai yi masa jarrabawa. In kika yi tambaya ya yi shiru ki bar shirun, kar ki cike shi da surutu, amsar na nan tafe. Mu da muka taso da kunya bai kamata wannan ya ba mu wahala ba, su ma suna da abin da suke kira shame, kuma ba abin da ke jawo shi kamar a nuna gazawar mutum a gaban jama'a ko a ware shi shi kaɗai.

Kar ki tambaye shi me ba ka iya ba. Ki tambaye shi wane irin mara lafiya ne in ya shigo yake jin da ma ya ƙara sani a kai, wace na'ura ce a ɗakin nan ba ya son taɓawa, me yake so ya zama nan da shekara biyu. Ki haɗa amsarsa da abin da ke yawan shigo muku kilinik, a yawancin wuraren nan dai kin san su, ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon zuciya na rumatik, ƙazwa da gyambon fata, kunnen yara mai zubar da ruwa, sai binciken lafiya na shekara da ake kira 715. Daga nan ku fitar da buri uku kacal, ki rubuta da kalmominsa ba da Turancin ofis ba. Hukumar rajista tana son ganin wannan tsarin a cikin fayil ɗinsa, don haka ba ɓata lokaci kika yi ba.

Ki kuma tuna matar nan da kike shirin koya wa danna tab wataƙila ta shekara ashirin tana wannan aikin, ta san kowane gida da wanda ke cikinsa, tana jin yare uku ko huɗu, Turanci ne na ƙarshe a jerin. Ke ce baƙuwa. In kin ji mutanen gari na ce mata Anti ki tambaye ta yadda take so ki kira ta, kar ki ɗauka kawai.

3. Ki gwada netwok da kanki

Kar ki yarda da abin da aka rubuta a takarda cewa kilinik na da intanet. Ki ɗauki na'urar da za a yi karatun da ita, ki je ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a zauna, ki kunna bidiyo na minti goma ki gani. Wasu wuraren suna kan Sky Muster, intanet ta tauraron ɗan'adam ta NBN, kamfanin intanet na gwamnati, yana aiki amma akwai jinkiri a magana kuma hadari mai ƙarfi na yanke shi. Wasu sun koma Starlink wanda ya fi sauri. Sabis ɗin waya kuwa a ƙauyuka da yawa Telstra ce kaɗai, wasu ƙananan wuraren ma babu ko ɗigo. An kuma rufe 3G a watan Oktoba 2024, don haka tsohuwar wayar da kika tsinta a durowa ba lallai ta yi aiki ba.

Kayan da nake cewa a saya, da dalar Ostireliya: tab mai sauƙin kuɗi wajen 250 zuwa 400, da murfi mai kauri saboda ƙura da faɗuwa, iyafis mai makirfo wajen 30 zuwa 50 kowa da nasa, ƙaramar sifika in za a kalla tare, caja biyu don ɗaya sai ta ɓata. In akwai talabijin a ɗakin taro igiyar HDMI ta isa, ba sai an sayi majigi ba.

Gargaɗi: kar ki bari ma'aikaci ya yi karatun aiki da datarsa. Yawancinsu kati suke sawa, kuma awa ɗaya ta taron bidiyo na iya cinye kusan giga ɗaya. Gidaje da yawa ma wutarsu ta mita ce mai kati irin wadda muka sani, in kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke. Wanda kika ce ya je gida ya ƙarasa darasi kin ɗora masa kuɗi ne ba ki sani ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa miki ba.

4. Imel, fasawod da lambar ɗalibi

Aiki ne mai gundura amma a nan yawancin shirye-shirye suke mutuwa. Ki ware rana guda sukutum ba don komai ba sai wannan, mutum ɗaya bayan ɗaya, ke da shi kaɗai.

Ki fara da imel. Kowa ya samu guda ɗaya da yake iya shiga a gabanki, ba wanda ya ce yana da shi ba. Duk asusun karatu a buɗe su da wannan imel ɗin kaɗai. Ni na fi son a yi amfani da imel ɗinsa na kansa wurin kwasa-kwasan waje, saboda in ya bar aiki an rufe na ofis satifiket ɗinsa duk sun tafi. Sunan da za a rubuta ya zama daidai da na rajistarsa harafi da harafi, mutane da yawa suna da sunan gida da sunan takarda, wani lokacin ma rubutun sunan ya bambanta tsakanin katin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, da lasin tuƙi, satifiket ya fito da wani suna daban sai an yi ta faman gyara.

Sai USI, lambar ɗalibi ta ƙasa, kyauta ce kuma ba a ba da satifiket na kwas ɗin da gwamnati ta amince da shi sai da ita. Kafin ki buɗe sabuwa ki bincika ko yana da ita, wanda ya taɓa yin ko kwas ɗin taimakon gaggawa a shekarun nan to akwai yiwuwar yana da ita ya manta.

Babbar matsalar ita ce lambar tabbatarwa da ake turowa waya. A nan waya na ɓata, ana aro, ana canza layi, yau tana hannun ɗa gobe tana hannun ƙanwa. In aka ɗaure asusu da layin da ya ɓata shi kenan an kulle mutum a waje. Duk inda aka ba da zaɓi ki sa imel a matsayin hanya ta biyu, kuma ki ce musu duk wanda ya canza layi ya sanar da ke a satin.

Gargaɗi: kar ki riƙe fasawod ɗin kowa a wayarki, kuma kar a yi asusu ɗaya kowa na shiga. Ya rubuta nasa a ɗan littafi ya kulle a lokarsa. Asusun haɗaka satifiket ɗinsa da sunan mutum ɗaya zai fito, sauran sun yi aikin banza.

5. Zaɓen abin da za a karanta

Ki fara da na kyauta, suna da yawa kuma don irin wuraren nan aka yi su. RAHC, shirin da ke tura ma'aikatan lafiya ƙauyukan Northern Territory, na da darussan intanet kyauta kan aikin lafiya a ƙauyukan nesa, in an gama ana samun satifiket. Australian Indigenous HealthInfoNet da ke jami'ar Edith Cowan a Perth rumbu ne guda, bidiyo da takardu da tarukan da aka naɗa. Littattafan nan da muke aiki da su kullum, CARPA, wato littafin ƙa'idojin duba marasa lafiya a ƙauyukan nesa, da na mata da na magunguna, duk suna intanet kyauta, kuma zama a karanta babi guda a tattauna shi karatu ne da za a iya rubutawa. Akwai manhajar ƙa'idojin zazzaɓin rumatik da ciwon zuciyarsa da ake saukewa a waya. Australian Digital Health Agency na koyar da My Health Record, tsarin ajiye bayanan lafiyar mutum a intanet na ƙasa. Ki kuma ƙarfafa musu shiga ƙungiyarsu ta ƙasa, NAATSIHWP, don ita ce tasu kuma tana shirya musu karatu da taruka. In kilinik ɗinku na al'umma ne, ƙungiyar jiharku da ke ƙarƙashin NACCHO, uwar ƙungiyar kilinik-kilinik ɗin al'ummar Aborijin, ma tana da nata, kamar AMSANT a Northern Territory.

Na kuɗi sai in buri ya buƙace shi, misali kwasa-kwasan gaggawa na CRANAplus, ƙungiyar ma'aikatan lafiya na ƙauyukan nesa, waɗanda ake fara su a intanet a ƙarasa ido da ido. Kafin kowa ya cire kuɗi a aljihunsa ki tambayi manaja kason horo na ma'aikata, sannan ki duba Health Workforce Scholarship Program ta hannun hukumar ma'aikatan karkara ta jiharku, tallafin na kaiwa har dala 10,000 a shekara ga wanda ya cika sharuɗɗa.

Kowane darasi ki fara yin sa da kanki daga farko har ƙarshe. Ki duba tsawonsa na gaske, nauyin Turancinsa, ko yana buɗewa a tab, ko yana ajiye inda aka tsaya in netwok ya yanke. Wanda in ya yanke sai an koma farko ki ajiye shi gefe, sau biyu ya yi wa mutum haka ba zai sake dawowa ba. In a kan Moodle yake, wani dandalin karatu na intanet, manhajarsa ta waya na bari a sauke wasu darussan a yi su ba intanet, ki sauke da daddare lokacin da layi ba cunkoso.

Gargaɗi: duk makarantar da ta ce za ta ba da satifiket na ƙasa ki duba sunanta a training.gov.au kafin a biya ko sisi.

6. Ki tace shi ta fuskar al'ada

Wannan ba ke za ki yanke hukunci ba, ki nemi babba a cikinsu, mace don na mata namiji don na maza, ku duba tare. Abubuwan da nake lura da su ga su.

Hoto ko murya ko sunan mamaci. A al'ummomi da yawa ba a ambatar sunan wanda ya rasu na wani lokaci, ba a kuma kallon hotonsa, shi ya sa za ki ga gargaɗi a farkon bidiyoyinsu. In an ɗauki bidiyon a yankinku to ki tambaya kafin ki kunna, na taɓa kunna wani tsohon bidiyo na wayar da kai ashe akwai ɗan'uwan wata a ciki da bai daɗe da rasuwa ba, ta tashi ta fita ba ta ce komai ba, kuma sai da aka yi makonni kafin ta dawo zama da mu. Har yau abin na damuna.

Sha'anin mata da sha'anin maza. Haihuwa, gwajin bakin mahaifa, cututtukan saduwa irin tunjere, ba a haɗa maza da mata a ɗaki ɗaya a kalla. Ki raba zaman, kuma in ke mace ce ki nemi namiji ya jagoranci na mazan ko da ta bidiyo ne daga wani garin.

Sai dangantakar kauce wa juna. Akwai waɗanda al'ada ta hana su zama kusa ko magana kai tsaye, kamar namiji da surukarsa, abin ya fi namu na surukai tsanani sosai. In kika ga mutum biyu ba sa taɓa zama ɗaki ɗaya kar ki ce rigima ce, kar kuma ki haɗa su su yi atisaye tare. Ki tambaya a gefe.

7. Lokaci a cikin awannin aiki

Ki je wurin manaja ki nemi awa ɗaya a sati, rana ɗaya tsayayya, a rubuta ta a jadawalin aiki kamar yadda ake rubuta zuwan likita. Awa ɗaya a sati ko rabin makonnin shekara kawai aka samu an wuce awa 20. A lokacin wani ya riƙe ƙofa da waya, in ba gaggawa ba ba a kiran kowa.

Za a rasa makonni, ki sa wannan a lissafi tun farko. In aka yi rasuwa akwai zaman makoki da suke kira Sorry Business, yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni, wani lokaci kilinik ma sai an rage aiki. Akwai lokutan bukukuwan al'ada. A can arewa kuma damina daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu tana yanke hanyoyi. Don haka ni burina a gama awa 20 kafin ƙarshen Agusta. In babban uzuri ya hana mutum aiki na dogon lokaci hukumar na da hanyar neman sassauci, a nema a rubuce da wuri.

8. Yadda zaman kansa yake tafiya

Ki zo minti goma sha biyar kafin lokaci, ki kunna komai, darasi ya riga ya buɗe a allo. Mutum uku suna zaune suna kallon ki kina faman neman fasawod, rabin sha'awar ta tafi.

A kalla tare, kar a raba kowa da kusurwarsa. Minti biyar zuwa bakwai ki tsayar, a yi magana. Kar ki ce kun gane, za a ce miki eh don girmamawa ko ba a gane ba. Ki ce in wata kaka ta kawo jikanta da wannan matsalar ya za ka bayyana mata da yare. A nan ake ganin fahimta ta gaske, kuma a nan ke ma za ki koyi abin da ba ya cikin kowane darasi, don sau da yawa za su ce miki wannan kalmar ba a faɗinta haka a nan, ga yadda ake zagayawa. In suka juya suna tattaunawa da yarensu kamar Warlpiri ko Kriol ko Yolŋu Matha ki ƙyale su, karatun ne ke gudana.

Kalmomin likitanci masu nauyi a rubuta su a farin allo da ma'anarsu cikin sauƙin Turanci da yare, a ɗauki hoton allon a ajiye. Bayan wata shida za ki ga kun tara ɗan ƙamus naku na kanku.

Tambayoyin ƙarshen darasi kowa ya shiga asusunsa ya amsa da hannunsa. Kina iya karanta masa tambayar, kina iya fassara Turancin da aka murɗa, amma ba za ki zaɓa masa amsa ba.

Gargaɗi: kar ki karɓi tab daga hannun mutum don ki yi masa da sauri. Ki sa hannuwanki a cinya ki faɗa masa inda zai taɓa. Kuma in za a kawo misalin mara lafiya na gaske a cire suna da duk abin da zai sa a gane shi, a gari mai mutum ɗari huɗu shekaru da unguwa kaɗai sun isa a san ko waye. Hoton mara lafiya ba ya shiga WhatsApp ko Messenger ko da na rukunin ma'aikata ne.

9. Awa biyar ɗin tattaunawa

Zaman da na bayyana a sama in ana musayar magana tsakanin ma'aikata ya shiga wannan kason, haka taron Zoom ko Teams da ake tambaya ana amsawa kai tsaye. Taron da aka naɗa kika kalla daga baya karatu ne amma ba tattaunawa ba ne, a rubuta shi a ɗaya ɓangaren. Abin da na ga ya fi armashi shi ne haɗa su da takwarorinsu na wani kilinik sau ɗaya a wata, kowa ya kawo matsala ɗaya, sun fi sakin jiki da juna fiye da in baƙo ne ke jawabi daga birni. In layi na rawa a kashe kyamara a bar murya.

Gargaɗi kan agogo: yawancin taruka da lokacin Sydney ake sanar da su. Daga farkon Oktoba zuwa farkon Afrilu Sydney na gaban Northern Territory da awa ɗaya da rabi, tana gaban Queensland da awa ɗaya, tana gaban Perth da awa uku. Sauran watanni tazarar Northern Territory rabin awa ce. Ki rubuta lokacin garinku a allo da babban baƙi.

10. A kai shi hannu

Duk darasin da aka gama a satin nan a taɓa shi da hannu. An kalli na kunne, a ɗauko na'urar leƙa kunne a duba na juna sannan a duba na yara tare da ke. An karanta na allurar penisilin da masu ciwon zuciya na rumatik ke karɓa duk kwana 21 zuwa 28, a tsaya tare ranar allura a ga an bar ta ta huce daga sanyin firji, an tura ta a hankali cikin minti biyu zuwa uku, don zafinta ne ke sa yara gudun dawowa. Farfaɗo da numfashi kuwa dole sai an danna ƙirjin mutum-mutumi a gaban mai koyarwa, bidiyo ba ya wadatarwa.

Gargaɗi mai muhimmanci: satifiket na intanet ba lasisi ba ne. Abin da ma'aikaci zai iya yi, musamman ba da magani da rigakafi, ya danganta da dokar jihar da kuke da kuma abin da wurin aikinku ya amince masa a rubuce. Abin da aka halatta a Northern Territory ba lallai ya halatta a wata jihar ba.

11. Rubutawa a ranar

Minti biyar na ƙarshen kowane zama na rubutu ne, kar a ce sai gobe. Takarda ɗaya mai layi biyar ta isa: kwanan wata, sunan darasi, awa nawa, me na koya, me zan canza a aikina. Layi biyun ƙarshe su ne hukumar ta fi so, kuma jimla biyu da kalmominsa sun fi shafi guda da kika rubuta masa. Wanda rubutu ke masa nauyi ya faɗa da baki ki rubuta yadda ya faɗa ya sa hannu.

Satifiket a sauke shi nan take, a tura imel ɗinsa, a kuma buga kwafi a sa a fayil ɗinsa na takarda, don shafuka na canzawa kwas na ɓacewa. Zaman da ba shi da satifiket a yi takardar halarta kowa ya sa hannu. Ana ajiye waɗannan shekara 5 saboda ana iya zaɓar mutum a bincike shi, kuma fayil ɗin nasa ne, in zai bar aiki ya tafi da abinsa.

12. Oktoba da Nuwamba

Farkon Oktoba ki zauna da kowa ku ƙirga awanni, wanda ya gaza akwai sauran lokacin cikewa. Ki tabbatar yana iya shiga asusunsa na Ahpra tun kafin saƙon sabuntawa ya iso, don nan ma maganar lambar tabbatarwa da canjin waya na tasowa, kuma gyaranta na cin kwanaki. A sabunta kafin 30 ga Nuwamba, wanda ya shiga Disamba akwai kuɗin latti, wanda ya bar Disamba ta wuce sunansa na fita daga rajista kuma ba zai yi aiki da wannan matsayin ba sai an maido shi. Wurin tambayar ko ya cika CPD shi zai amsa da kansa kuma ya faɗi gaskiya, in bai cika ba akwai wurin bayani.

Satin farko na Disamba sai a sake haɗa shayi a koma mataki na biyu da sabuwar takarda, ki kuma sauke darussan wata uku a kan tab ɗin tun kafin hadari ya fara yanke muku layi.